Na'urar da ta ƙi ba da amsa: nazarin wani lamari a masaukin alhazai na Misfala

Hajjin 2024 ya faɗo a tsakiyar watan Yuni, lokacin da zafin Makka yake kan ganiyarsa. An yi tsayuwar Arfa ranar 15 ga wata, ranar 17 kuma ma'aunin zafi a Harami ya kai digiri 51.8. Bayan an kammala, ministan lafiya na Saudiyya, Fahd al-Jalajil, ya sanar da rasuwar mutum 1,301, kashi 83 cikin ɗari nasu waɗanda suka shigo ba da izinin Hajji ba ne, suka yi ta tafiyar ƙasa cikin rana. Dattijon da wannan nazari ya shafa ba ya cikin irin waɗannan. Da takardunsa ya zo, yana da tanti a Mina, yana da ɗaki mai sanyi a unguwar Misfala da ke Makka, ga ɗansa a gefe, ga nas, ga likita. Duk da haka saura ƙiris a yi masa maganin da zai ƙara jefa shi cikin haɗari, saboda lambar da wata 'yar na'ura ta nuna.

Ni ma'aikacin ɗakin gwaji ne, haifaffen Makka, iyayena daga Arewa suka zo tun da daɗewa. Likitan wani kamfanin jirgin yawo da ya kawo alhazai daga Najeriya ya roƙe ni in riƙa leƙa masa kayan gwajinsa a waɗannan kwanaki, shi ya sa na san lamarin daga ciki. Na sakaya sunan kamfanin da na mutanen da na masu ƙera na'urorin, don ba sunan ne abin koyo ba.

Majinyacin

Manomi ne, ya haura saba'in, yana da ciwon suga irin na manya, yana shan ƙwaya safe da yamma. Tun da aka fita Mina ranar 8 ga Zulhajji ya daina shan maganin, ya kuma rage shan ruwa. Dalilinsa ba baƙo ba ne ga duk wanda ya taɓa kula da tsofaffi a Mina: layin banɗaki yana da tsawo, shi kuma ba ya son alwalarsa ta riƙa karyewa. Abin da ya fi shiga bakinsa shi ne dabino da lemon kwali da ake rabawa sadaka a hanya. Suga idan ya yi yawa a jini, ƙoda tana zubar da shi ta fitsari, yana kuma jan ruwa ya fita da shi. Ga gumi. Ruwa na fita ta ƙofa biyu, ba a mayarwa.

Ranar 12 ga Zulhajji, bayan la'asar, suka yi jifa suka kamo hanyar gari. Da suka iso masauki wajen magariba, dattijon yana magana ba kan gado, yana kiran ɗansa da sunan ƙanensa da ya rasu, harshensa ya bushe ƙamas, yatsunsa sun yi sanyi duk da jikin da ɗumi. Ɗan ya ciro na'urar gwajin suga da suka zo da ita daga gida, ya soki yatsan mahaifin, ta nuna 280. A ƙauye sun saba ganin sama da haka, mutumin yana zuwa gona. Sai ya ce wa nas ɗin, "Malama, na gwada shi, sugan bai kai na tsoro ba. Gajiya ce da rana. A bar shi ya kwanta."

Wata hajiya a ɗakin kusa, ita ma mai suga, ta miƙo alƙalamin insulin ɗinta. "Ɗan nan, yi masa kaɗan, yanzu zai wartsake." Wani kuma ya ce a'a, yunwa ce, a ba shi lemo. Shawara biyu masu karo da juna, kowacce ta jingina da lambar nan ta 280.

Nas ɗin ta durƙusa ta ce, "Baba, sannu. Ka gane ni?" Bai gane ta ba. Ta ciro nata kayan daga jakar da ta yi sa'o'i a ɗakin kaya na bas, cikin cunkoson dawowa daga Mina. Na'urarta ta suga ta nuna alamar ma'aunin zafi a fuska, ta ƙi karɓar tsinke. Babbar na'urar hannu, wadda ake zura wa katin gwajin jini, ita ma ta rubuta cewa zafinta ya wuce iyaka. Na'ura uku ke nan a kan tebur. Ɗaya ta ba da amsa, biyu sun ƙi.

Abin da ke cikin tsinke da kati

Kafin a ga dalilin ƙin, sai an san abin da ke faruwa cikin waɗannan 'yan kaya da muke yarwa a kwandon shara.

Tsinken gwajin suga ɗakin gwaji ne da aka matse. A bakinsa akwai siririyar hanya da ke zuƙe jini da kanta, ƙasa da maikirolita ɗaya, wato ɗigon da bai kai kan allura ba. A ciki an shafa wani sinadarin halitta, inzayim, wanda ba ya taɓa komai sai suga. Yana ƙwace ilektiron, wato ƙwayoyin wutar lantarki, daga sugan, wani sinadari na biyu ya ɗauka ya kai wa siraran layukan kabon ko zinare da aka buga a jikin tsinken. Na'urar tana riƙe ƙarfin lantarki a mataki ɗaya, tana ƙirga wutar da ke gudana, ɗaya-bisa-miliyan na amfiya, ma'aunin gudun wuta, ake magana, ta mayar da ita lamba cikin daƙiƙa biyar. Leland Clark da Champ Lyons suka kawo dabarar haɗa inzayim da lantarki a 1962 a Sinsinati ta Amurka, sai a 1987 aka fara sayar da irinta ta aljihu, mai siffar alƙalami. Ɓangaren da ke riƙe ƙarfin wutar ya auna gudunta shi ake kira fotenshiyostat. A da akwati ne guda a kan benci, yau ya koma guntun abu da bai kai farce biyu ba.

Katin gwajin jini ya fi haka nisa. A cikinsa akwai magudanai masu siririn gashi, da 'yar jakar ruwan daidaitawa, da ƙaramar jakar iska. Idan an zura shi, na'urar tana huda jakar, ruwan da aka san adadin gishirinsa ya bi ta kan ma'aunai, ta karanta. Sannan ta matsa iska, jinin ya ture ruwan ya hau wurinsa, ta sake karantawa, ta kwatanta. Da ɗigo biyu ko uku na jinin jijiya, cikin minti biyu, tana ba da suga da sodiyam da potasiyam da alamun aikin ƙoda da kaurin jini. Aikin da a da sai an kai kwalba asibiti an jira sa'a ɗaya ko fiye.

Ga inda zafi yake shiga. Ma'aunin sodiyam ba gudun wuta yake ƙirgawa ba, bambancin ƙarfinta yake aunawa, kuma bambancin ɗan mitsitsi ne. Sai gishirin ya ninka sau goma kafin ya motsa milibolt (ɗaya-bisa-dubu na bolt) 59 a digiri 25, ko 61.5 a digiri 37. Tsakanin sodiyam 140, na mai lafiya, da 150, na wanda ya bushe, tazarar ba ta kai milibolt 2 ba. A kan wannan 'yar tazara likita zai yanke shawarar irin ruwan da zai ƙara. Shi ya sa takardar na'urar ta kayyade digiri 16 zuwa 30, ta kuma kulle kanta idan an wuce. Katunan ma a firij ake ajiye su, tsakanin digiri 2 da 8, idan an fitar suna da mako biyu a ɗaki mai matsakaicin sanyi, ba a kuma mayar da su. Sa'ar da aka yi ita ce nas ɗin ta bar katunan a firijin masauki, na'urar kaɗai ta tafi da ita Mina.

Tsinken suga shi ma yana da iyaka, sai dai iyakar iri biyu ce, kuma ɗaya kawai na'ura take iya gani. Tana da ma'aunin zafi a cikinta, tana sanin zafin da ake ciki a lokacin gwaji, mafi yawansu suna aiki har wajen digiri 40 ko ɗan sama. Zafin da tsinken ya sha jiya da shekaranjiya kuwa ba ta san shi ba. Galibi ana rubuta wa a jikin kwalbar kada ajiya ta wuce digiri 30. Tsinakun dattijon sun yi Arfa da Muzdalifa da kwanakin jifa a jakar ƙugun ɗansa, murfin kwalbar ma ba ya rufuwa sosai. Inzayim da ya sha irin wannan kamar irin gyaɗa ne da zafi ya kashe a rumbu, ido ba ya ganewa sai an shuka. Na'urar ɗan ta huce a aljihu a hanyar dawowa, ta ga zafin ɗaki daidai ne, ta karɓi tsinke, ta ba da lamba ba tare da wata alama ba.

Rabin sa'ar jira

Likitan yana wani masauki a unguwar Kudai, ta waya nas ta same shi. Ta faɗa masa yanayin majinyacin, ta faɗa masa lambar. Ya ce lambar ba ta yi daidai da mutumin da ake kwatanta masa ba. Suga 280 ba ya sa dattijo ya manta sunan ɗansa. Ko dai akwai wata cuta dabam, bugun zafi ko shanyewar ɓarin jiki, ko kuma lambar ce ba gaskiya ba, kuma a kowane hali asibiti ne wurinsa. Ya ce a kira 997, lambar motar asibiti, a auna zafin jiki, a sa ƙarin ruwan gishiri nan take, kada a ba shi komai ta baki, kada a taɓa insulin.

Ina ganin wannan ce shawarar da ta ceci lamarin, kuma babu na'urar da ta ba da ita. Ruwan gishiri a jijiya yana amfanar busasshen mutum ko suganasa 280 ne ko 800. Lemo da insulin kuwa kowanne caca ne.

Hanyoyi sun cika da masu dawowa daga Mina, an san motar asibiti za ta ɗauki lokaci kafin ta ratso. A nan aka kira ni, gidanmu ba nisa. Na tarar wani daga ma'aikatan kamfanin ya ɗauki babbar na'urar zai sa ta a ɓangaren ƙanƙara na firij don ta yi saurin hucewa. Na hana. Abu mai zafi idan ya shiga ƙanƙara ya fito, raɓa tana kwanciya a kan haƙoran da ke taɓa katin, danshi kaɗan kuma ya isa ya karkatar da awon da ake yi a milibolt. Bayan haka, ma'aunin zafin cikinta zai iya hucewa kafin sauran jikin, ta buɗe kanta alhali ba ta shirya ba. Muka cire ta daga jakarta, muka ajiye a tebur nesa da bakin na'urar sanyaya ɗaki, muka fitar da kati ɗaya daga firij ya sha iska minti biyar kamar yadda aka tsara.

Ɗan ya ƙosa. "Yaya, wannan wace irin na'ura ce ta miliyoyi da ba ta aiki sai an lallashe ta? Tawa ta 'yan dubbai ta yi aiki." Ban ga laifinsa ba. Mahaifinsa ne a kwance.

Ta buɗe bayan kamar rabin sa'a. Muka fara sa ta yi gwajin lantarkin da take duba kanta da shi, ta wuce. Nas ta ɗebi jini daga jijiyar ɗayan hannun, wanda ba a sa wa ruwa ba, don jinin hannun da ake ƙara wa ruwa a gauraye yake da ruwan. Ta ja a hankali ba tare da matse damtse da yawa ba. Wannan ma yana da dalili: idan jajayen ƙwayoyin jini suka fashe wajen ɗiba, potasiyam ɗin cikinsu yana zubowa, lambar ta hau ta ƙarya, kuma katin ba shi da idon ganin haka. A ɗakin gwaji muna juya kwalba mu ga ruwan jinin ya yi ja, mu ƙi karɓa. A nan sai dai a kiyaye tun daga allura.

Suga ya haura 600. Sodiyam ya hau, alamun ƙoda sun hau, jinin ya yi kauri, potasiyam kuma yana bakin ƙasa na iyakar lafiya. Wannan shi ne yanayin da suga ke tashi matuƙa tare da bushewar jiki, wanda ya fi kama tsofaffi masu suga irin na manya, yana tahowa a hankali cikin kwanaki, kuma yana kisa. Insulin yana tura potasiyam daga jini zuwa cikin ƙwayoyin jiki. Da an yi masa allurar hajiyar nan kafin ruwa, a kan potasiyam da dama yake ƙasa, zuciya ce za ta fara rikicewa, hawan jininsa ma zai iya faɗuwa. Alƙalamin nata ma ya sha ranar Mina, insulin kuwa ba ya son sama da digiri 30.

Da ma'aikatan motar suka iso, aka miƙa masu majinyacin da takardar sakamakon, da lokacin da aka ɗebi jinin, da yawan ruwan da ya shiga. Ya kwana uku a asibiti, hankalinsa ya dawo, ya yi ɗawafin bankwana a kan keke.

Me ya sa 280?

Bayan an natsu na karɓi kwalbar tsinakun ɗan. Kowace irin na'urar suga tana da ruwan gwaji, ruwa ne mai adadin suga sananne, ana ɗiga shi a tsinke maimakon jini, lambar kuma dole ta faɗa cikin tazarar da aka buga a jikin kwalba. Nasa sun faɗi ƙasa da tazarar, ba sau ɗaya ba. Tsinakun sun lalace, wannan ya tabbata.

Amma ba su kaɗai ba ne. Mutumin da ya bushe, jini ba ya isa ƙarshen yatsa yadda ya kamata, abin da aka matso ba ya wakiltar na cikin jijiya. Kaurin jini shi ma yana rage gudun sinadarin zuwa layukan tsinken, wutar ta ragu, lambar ta sauka. Wannan gargaɗi yana nan a takardar da ke cikin kwalin tsinke, da ƙananan haruffa, cewa sakamako na iya yin ƙasa ga mai tsananin bushewa ko wanda ƙarfin bugun jininsa ya faɗi. Ko da sababbin tsinaku ne, yatsan dattijon a daren nan ba wurin awo ba ne. Abin da ke damuna a nan shi ne na'urar ta fi yin kuskure a daidai lokacin da aka fi bukatarta, kuma kuskuren ya karkata ta ɓangaren da ke kwantar da hankali.

Da na zagaya sauran ɗakunan na ga wasu matsalolin. Da dama tsinakunsu sun sha zafi. Wani yana gwaji da yatsun da ya ci dabino bai wanke ba, lamba ta yi sama, ya ƙara magani. Wata na'urarta a ma'aunin milimol take, tana nuna 15, ɗiyarta ta saba da na miligiram irin na asibitocin nan, ta ɗauka suga ya faɗi warwas, alhali idan an ninka da 18 ya zama 270. Ruwan gwaji kuwa, kusan babu wanda ya taɓa ganinsa.

Batun saye

Mai kamfanin ya ji labarin, abin da ya riƙe daga ciki shi ne na'urarsa mai tsada ta ƙi aiki rabin sa'a. Ya ce wa likita badi a nemo wadda ba ta da wannan kulle. Wani ya nuna masa a waya irin ƙananan na'urorin da ake jona wa a gindin wayar hannu, ya ce ga su nan da araha.

Gaskiya ne fannin ya yi nisa. A 2007 ɗakin binciken George Whitesides a Harvard ya nuna cewa ana iya zana magudanan ruwa a kan takarda, a 2009 masu bincike daga Tailan da Kolorado suka buga layukan lantarki a kan irin wannan takarda, a 2011 aka fitar da tsarin CheapStat, fotenshiyostat da kowa zai iya haɗawa da ƙasa da dala 80, a 2014 kuma aka nuna wata ta wajen dala 25 mai aika sakamako ta wayar hannu. A nan kusa da mu, a jami'ar KAUST da ke Thuwal arewa da Jidda, ƙungiyar Sahika Inal ta wallafa a 2021 wani ma'aunin lantarki da ke gano ƙwayar korona da ta MERS, wata cutar numfashi, cikin mintuna. Ga ƙasar da aka fara gano MERS a cikinta a 2012, wadda kuma take karɓar mutane daga ko'ina kowace shekara, ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai abin da na gaya wa Alhajin, mai kamfanin, shi ne, waɗannan da ya gani a waya kayan bincike ne. Za su ba ka zanen wuta ko a cikin tanda ka sa su, fassarar zanen kuma taka ce. Ƙanƙantar da fotenshiyostat an gama shi tuni. Abin da ake biyan kuɗi a kansa a na'urar asibiti shi ne ruwan daidaitawar nan da ke cikin kowane kati, da ma'aunin zafi, da dokar da ke hana ta magana idan sharaɗi bai cika ba. Na ce, "Alhaji, kullen da kake so a cire, shi ka saya."

Likita ya goyi bayana, amma ya ƙara abin da ya fi nawa amfani. Ya ce rabin sa'ar nan ba daga na'urar ta fito ba, daga ɗakin kaya na bas ta fito. Aka tsayar cewa na'urar za ta riƙa tafiya a jaka mai rufin hana zafi, a cikin mota tare da mutane, da ɗan ma'aunin da ke riƙe mafi tsananin zafin da ya gani. Ƙanƙara ba za ta taɓa kati ko insulin kai tsaye ba, don daskarewa ma tana lalata su. Masu suga za a duba tsinakunsu da ruwan gwaji a Makka kafin fita Mina da bayan dawowa, a rubuta ma'aunin kowace na'ura a bayanta da alƙalami. Duk mai suga da hankalinsa ya rikice, asibiti kai tsaye, kome lambar yatsa ta ce.

Alhajin ya amince da jakar da ma'aunin nan take, don ba su da tsada. Ruwan gwajin ne ya tsaya a kai. Kowane kamfanin na'ura da nasa, ba a musanya, kwalba idan an buɗe galibi wata uku take yi, alhazansa kuma kowa da irin na'urar da ya saya a kasuwar garinsu. Likita ya kawo shawarar kamfanin ya sayi iri ɗaya a nan Makka ya raba wa masu suga, a sa kuɗin cikin kujera. Alhajin ya ce zai duba lissafin idan an fitar da farashin kujerar badi.